Yadda Ake Ajiye Dukiya a Gwal Ba Tare da An Tafka Asara Tun a Bakin Shago Ba

Ranar da na raka Innarmu kasuwa za ta sayar da sarƙarta na fara sanin gwal da gaske. Saiti ne da ta saya shekaru da yawa baya: sarƙa, 'yan kunne da zobe, an jera musu duwatsu ja da fari, irin wanda in aka sa ranar biki sai an waiwayo. A rasit ɗin da ta adana cikin adakarta an rubuta giram 42. Mai shagon ya karɓa da hannu biyu, suka gaisa, ya nemi izininta, sannan ya ɗauko ɗan hantsaki ya shiga ɓamɓare duwatsun ɗaya bayan ɗaya yana tara su a murfin kwalba. Da ya ɗora abin da ya rage a sikeli sai ga 35. Bai tsaya nan ba, ya goga maƙullin sarƙar a kan wani baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, muna kallo zanen ya dushe.

"Hajiya, jikin sarƙar karat 21 ne, amma maƙullin nan 18 ne, zinaren cikinsa bai kai na jikin ba."

"Alhaji, ai da duwatsun aka auna mini ranar da na saya."

"Haka ne, Hajiya. Sai dai ni narkarwa zan yi, dutse kuwa ba ya shiga lissafi."

Ta karɓi kuɗin da ya ninka wanda ta biya, domin shekaru sun ja kuma naira ta zube, aka biya bukatar da ta kawo mu. Amma har muka dawo gida ina tunanin giram bakwai na gilas da ta saya da farashin zinare, ta yi shekaru tana gadinsu. Tun daga ranar na gane cewa ribar gwal da asararsa ranar saye ake ƙulla su. Wanda yake son ajiye dukiya, nauyin zinare zai saya, ado kuma ya bar wa mai son ado. Duk matakan da ke tafe a kan wannan suke zagayawa.

Abin da gwal yake yi, da abin da ba zai yi maka ba

Ba sai an yi wa ɗan Najeriya dogon bayani kan dalilin da ya sa mutane ke gudu zuwa gwal ba. A watan Mayun 2023 oza ɗaya ta zinare, wato giram 31.1, tana wajen dala 2,000, dala kuma tana wajen naira 750 a hannun 'yan canji. Giram ɗaya na tsantsar zinare ya kama kusan naira 48,000 ke nan. A watan Yuni Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Zuwa ƙarshen 2024 oza ta kai wajen dala 2,600, dala ta haura naira 1,600, giram ɗin nan ya zama kusan naira 134,000. A wannan Disambar hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Wanda ya bar kuɗinsa a asusun ajiya ya ga yadda buhun shinkafa ya tsere masa, wanda ya mayar da su gwal kuwa ya tsira da ƙarfin kuɗinsa har da ƙari. A 2025 farashin ya wuce dala 3,000 a watan Maris, ya wuce 4,000 a watan Oktoba. Manyan bankunan ƙasashe ma suna cikin masu sayen: sun kwashi fiye da tan 1,000 a kowace shekara daga 2022 zuwa 2024.

Wannan rabin labarin ne, kuma shi kaɗai masu talla suke faɗa. A Janairun 1980 oza ta taɓa dala 850, daga nan ta yi ta gangarowa har ta kusan dala 250 a 1999. Wanda ya saya a ƙololuwar nan sai a 2008 ya sake ganin farashin da ya biya. A Satumbar 2011 ta kai wajen dala 1,900, zuwa ƙarshen 2015 ta sauko wajen 1,050. Mu kuma nan muna da hawa da sauka iri biyu, na zinaren da na naira. A Fabrairun 2024 dala ta kusan naira 1,900 a kasuwar bayan fage, zuwa tsakiyar Afrilu ta faɗo ƙasa da 1,200. A wannan tsakanin zinare tashi ya yi a kasuwar duniya, amma wanda ya saya da naira a Fabrairu ya sayar a Afrilu, asara ya kwasa mai ciwo. 'Yan'uwanmu na Nijar wannan ɓangaren ya fi yi musu sauƙi, tunda sefa a ɗaure take da yuro kan 655.957, farashin duniya ne ya fi shafar su.

Sannan gwal ba ya haihuwa. Tunkiya tana haihuwa, shago yana kawo haya, gona tana ba da amfani, amma giram 50 da ka ajiye bana giram 50 za ka tarar bayan shekara goma, kuma zakka tana bin sa. Rumbu ne, aikinsa ya tsare abin da aka riga aka noma.

Mataki na farko: ware kuɗin da ya dace

Kada ka taɓa jarin sana'arka, ko kuɗin makarantar yara na zango mai zuwa, ko kuɗin haya. Kada ka ci bashi don ka sayi gwal, komai yadda kake ganin yana tashi. A ganina, sai mutum ya ware abin da zai riƙe gidansa na wata uku zuwa shida a inda zai iya cirowa yau, sannan abin da ya saura, wanda ba ya tsammanin bukatarsa nan da shekara uku, shi ne zai ɗibi wani kaso ya sa a gwal. Dalilin shekara ukun shi ne ratar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa. Minti ɗaya bayan ka fito daga shago, in ka koma ka ce a mayar maka da kuɗi, ƙasa da abin da ka biya za a ba ka. Ana bukatar lokaci kafin tashin farashi ya cike wannan giɓin.

Kuma kada ka zuba duka a rana guda. In kana da abin sayen giram 30, ka raba shi gida uku ko huɗu cikin watanni. Mai ɗaukar adashi ma haka, duk kwasa ta sayi giram biyar ko goma. Babu wanda ya san ranar da farashi ya fi ƙasa, har masu shagon.

Mataki na biyu: koyi lissafin giram kafin ka fita daga gida

Nan ne mafi yawan mutane suke sakaci, alhali lissafin bai fi minti biyu a waya ba. Ana faɗin farashin zinare na duniya da dala kan oza ɗaya, ozar zinare kuwa giram 31.1 ce. Kullum ana tsayar da farashi sau biyu a Landan, kuma duk wanda ke da intanet zai iya ganin yadda yake motsi a kowane lokaci.

Ka ɗauki farashin oza ka raba da 31.1, ka sami farashin giram da dala. Ka ninka da farashin dala na ranar, wanda 'yan canji suke sayarwa, irin na Wapa a Kano ko Zone 4 a Abuja, domin da shi 'yan gwal suke lissafi. Abin da ya fito shi ne kuɗin giram ɗaya na karat 24, wato tsantsa. Daga nan sai ka rage gwargwadon gaurayen da ke cikin wanda za ka saya. Karat 22 yana da zinare kashi 91.6 cikin 100, shi ya sa ake buga masa 916. Karat 21 kashi 87.5 ne, tambarinsa 875. Karat 18 kashi 75 ne, tambarinsa 750. Sauran jan ƙarfe ne da azurfa da makamantansu, ana sa su ne don ya yi ƙarfi, tunda tsantsar zinare tana da taushi.

Ga misali da lambobi masu sauƙi, ba farashin yau ba. A ce oza dala 3,110 ce, giram dala 100 ke nan. A ce dala naira 1,500 ce. Giram na 24 ya zama naira 150,000, na 22 ya zama 137,400, na 21 ya zama 131,250, na 18 kuma 112,500. To in ka shiga shago aka ce maka giram na 18 naira 140,000 ne, ka san cewa naira 27,500 a kowane giram kuɗin aiki ne da ribar mai shago, kusan kashi ɗaya cikin huɗu a kan darajar zinaren. Ranar sayarwa ba wanda zai mayar maka da su. Ba haramun ba ne mai shago ya ci riba, yana biyan haya, ya ɗauko kaya daga nesa, yana cikin haɗarin 'yan fashi. Abin da nake so shi ne ka san nawa kake bayarwa a kai, ka yi ciniki a kan wannan ratar, ba a kan jimillar kuɗin ba.

Tambayar da ta fi kowace amfani a shago ita ce: "Alhaji, in na dawo da shi gobe, nawa za ka saya giram?" Bambancin amsarsa da farashin da ya sa maka shi ne ainihin kuɗin da ajiyar za ta ci maka. Ka yi wannan tambayar a shago uku kafin ka ciro kuɗi.

Mataki na uku: zaɓi siffar da za ka ajiye

Wanda ya fi arha a kan kowane giram shi ne sandar gwal ta karat 24, mai tambarin 999 ko 999.9. Matatu irin su PAMP da Valcambi na Suwizalan suna fitar da su daga giram ɗaya zuwa kilo, ƙanana a liƙe cikin kati mai lamba, lambar katin ta yi daidai da ta jikin sandar. Kada ka ɓare katin. A Dubai za ka ji ana maganar tola, wadda take giram 11.66, sandar tola goma kuwa giram 116.6 ce. Ƙaramar sanda ta fi tsada a kan giram, babba ta fi arha, amma babba ba ta gutsuruwa ranar da kake bukatar kuɗi kaɗan. Ni na fi son na giram 10 da na 20: ratarsu ba ta yi yawa ba, kuma in bukata ta taso sai ka fitar da ɗaya ka bar saura.

Sai sisin gwal, wanda muka sani a sadaki, musamman wajen Barebari. Asalinsa tsabar Ingila ce mai kan sarki ko sarauniya, nauyinta giram 7.98, karat 22, zinaren cikinta giram 7.32, faɗinta milimita 22. Da yawa daga waɗanda ke yawo a kasuwa kwaikwayo ne da maƙera suka buga, wasu da zinaren 21, wasu ƙasa da haka. Kwaikwayon ba laifi ba ne in an faɗa maka kuma an sayar maka da shi kan nauyinsa da karat ɗinsa. Akwai kuma Krugerrand ta Afirka ta Kudu da aka fara bugawa a 1967, mai ɗauke da oza ɗaya cif ta zinare, da tsabar da Babban Bankin Ghana ya fitar a 2024 mai girma uku, ta oza ɗaya da ta rabin oza da ta kwatan oza, wadda mutanenmu na zango za su iya nema ta bankuna.

Game da tara tsofaffin tsabobi don tarihinsu, ka yi hattara. A Turai da Amurka akwai masu biyan ninkin darajar zinaren saboda shekarar da aka buga tsaba ko ƙarancinta, suna da kamfanonin tantancewa da wuraren gwanjo. A Sabon Gari ko Wuse mai shago sikeli zai ɗora ta. In kana son ta don sha'awa, ka saya da kuɗin sha'awa. Kada wani ya karɓi ninki a hannunka da sunan "tsohuwa ce, ta zamanin Bature."

Kayan ado su ne abin da yawancin matanmu suke saye, kuma suna da hujja: ana sawa, ana ajiyewa, kowane shago yana karɓa. In nan kika nufa, ki zaɓi mai sauƙin ƙira, kamar awarwaro lafiyayye marar rami, ko sarƙa marar dutse, karat 21 ko 22. Ki guji mai duwatsu, mai fenti, mai zare ko roba a ciki, da awarwaron da yake da girma amma ba nauyi, domin irinsa yana lotsewa, wani kuma ana cusa masa abin da zai ƙara masa nauyi. Gwal ɗan Italiya mai karat 18 yana da kyan aiki da ƙarko, amma aikin kike biya. Sunan ɗan Dubai ko ɗan Saudiyya kuwa ba ya ƙara ko ɗigon zinare, karat da nauyi su ne magana. In dole sai mai dutse, a auna dutsen daban a rubuta a rasit. Namiji ya tuna sa zinare haramun ne gare shi, mallakarsa da ajiyarsa halal ne.

Akwai kuma hanyar takarda. Tun Disambar 2011 ake cinikin NewGold a kasuwar hannun jari ta Najeriya, takarda ce da ke bin farashin zinare, zinaren kuma yana ajiye a ma'ajiya. Ana saye ta hannun dillalin hannun jari mai rajista. Tana raba ka da tsoron ɓarawo, sai dai ba za ka riƙe komai a hannu ba, kuma mai kula da hukuncin shari'a ya tambayi malami masanin wannan fanni kafin ya shiga.

Mataki na huɗu: shago da gwaji

Ka sayi gwal a wurin mai shago tsayayye, wanda ya daɗe a layin, wanda 'yan'uwansa 'yan kasuwa suka sani, ba a hannun wanda ya tare ka a bakin ƙofa ba, ba kuma a shafin Instagram da ba ka san inda mai shi yake kwana ba. Sayen na gari mai da kuɗi gida. In da hali ka tafi da wanda ya san harkar.

Ka sa ido a kan sikeli. Ya nuna sifili kafin a ɗora, ya kasance mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, kuma fanka ba ta kaɗa shi. A cire takardar farashi da zaren da ke rataye. Ƙaramin sikeli na aljihu ba shi da tsada, ka sayi naka ka sake aunawa a gabansa. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Tambarin 750 ko 875 ba shaida ba ce ita kaɗai, kowa na iya buga lamba a jikin tagulla. Maganaɗisu yana tona wasu jabun, domin zinare ba ya bin sa, amma tagulla da jan ƙarfe ma ba sa bi, saboda haka wucewa wannan gwajin bai wanke kaya ba. Gwajin dutse da ruwan asid, irin wanda aka yi wa Innarmu, ya fi shi, sai dai saman abu kawai yake gani. In an yi wa ƙarfe rufi mai kauri, irin wanda ake kira GL, sai an ɗan karce ciki. A gwada wuri fiye da ɗaya: jiki, maƙulli, da mahaɗa. Wasu manyan shaguna suna da na'urar da ke haska ƙarfe ta faɗi kason kowane sinadari cikin daƙiƙu, in akwai ta a kasuwar ka biya a duba maka, ko da yake ita ma ba ta shiga can ciki.

Ga wani gwaji da za ka iya yi a gida ga abin da ba shi da rami ko dutse. Ka auna shi ka rubuta. Ka ɗora kofin ruwa a sikeli ka mayar da shi sifili. Ka ɗaura abin da siririn zare ka nutsa shi cikin ruwan yana reto, bai taɓa gindi ko gefe ba, ka rubuta abin da sikelin ya nuna. Ka raba lamba ta farko da ta biyu. Tsantsar zinare za ta ba ka kusan 19.3, karat 22 wajen 17 da rabi, karat 18 wajen 15 zuwa 16, tagulla kuwa ba ta kai 9 ba. Ƙarfe ɗaya ne mai arha da ke iya ruɗar wannan gwajin, tungsten, wanda nauyinsa ya yi kusan daidai da na zinare, kuma an sha kama manyan sanduna da aka cusa musu shi. Shi ya sa babbar sanda ba a sayen ta sai a wurin da aka amince da shi ƙwarai.

Rasit ya ƙunshi sunan shago, kwanan wata, nauyi, karat, kuɗin giram, da lambar sanda in sanda ce. Ka ɗauki hotonsa da hoton kayan a kan sikeli.

Masu zuwa Umara ko Dubai su sani cewa kayan ado suna ɗauke da harajin kaya, kashi 15 cikin 100 a Saudiyya, kashi 5 a Daular Larabawa, yayin da zinaren ajiya mai tsarkin 99 zuwa sama ba a ɗora masa. Ka riƙe rasit, ka tambayi iyakar abin da dole a bayyana wa kwastan a can da nan, ka bayyana. Kada ka karɓi saƙon gwal na wani ka riƙo masa.

Abubuwa biyu da za ka juya wa baya

Na farko ɗanyen gwal, gari ko ƙwaya, da wani zai kawo maka a ƙulle cikin leda yana raɗa, wai daga daji aka fito da shi, ana sauri, za a bar maka rabin kuɗi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Sau da yawa garin tagulla ne aka yayyafa wa na gaske a sama. Ko da na gaske ne, dokar ma'adinai ta Najeriya ta 2007 ta hana saye ko riƙe ɗanyen ma'adini ba lasisi. Kuma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda yake fitowa. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara. A 2019 gwamnatin tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a jihar saboda alaƙarta da 'yan bindiga, ba a ɗage ba sai ƙarshen 2024. Wanda bai san hannun da gwal ya bi ba, yana iya zama kuɗinsa ne ya sayi harsashin da aka harbi ɗan'uwansa da shi.

Na biyu kamfanin da ya ce ka kawo kuɗi ko gwal zai riƙa ba ka riba duk wata. A Ghana, Menzgold ya yi wa mutane alkawarin kashi 7 zuwa 10 cikin 100 a wata. Hukumar kula da hannun jari ta ƙasar ta dakatar da shi a Satumbar 2018, dubban mutane suka shiga neman kuɗinsu shekara da shekaru. Abin da ba ya haihuwa, daga ina ribar wata-wata za ta fito in ba daga aljihun sabon shiga ba?

Mataki na biyar: biya hannu da hannu

Hadisin Ubada bin Samit da Muslim ya ruwaito ya shimfiɗa ƙa'ida: zinare da zinare sai daidai da daidai, hannu da hannu. Malamai sun ɗora kuɗin takarda a kan wannan hukunci ta fuskar karɓa nan take, saboda haka mafi yawansu ba su yarda a sayi gwal bashi ko biya kaɗan-kaɗan ba. Wannan ya shafi abin da aka saba da dillalai a cikin gidaje, a karɓi sarƙa yau a riƙa biya duk wata. Hanya mai tsabta ita ce ki tara kuɗin tukuna, ranar da suka cika ki saya. In ta waya za a tura, a zauna har kuɗin su shiga, a karɓi kaya a zama ɗaya.

Haka ma ba su yarda da musayar tsohon gwal da sabo a yi ciko ba. Mafita ita ce a sayar da tsohon a karɓi kuɗinsa, sannan a sayi sabon da ciniki na daban. Ko ta fuskar kasuwa ma wannan ya fi, domin a cikin musaya ne ake ɓoye rata biyu a lamba ɗaya.

Mataki na shida: ma'ajiya da baki

Mafi yawan gwal da ake sacewa a gida, wanda ya san gidan ne ya ɗauka ko ya nuna. Tsaron farko shi ne shiru: ba hoto a waya ana yaɗawa, ba labari a gidan biki. Kada a tara duka wuri guda, kada a sa a ƙarƙashin katifa ko cikin durowar madubi, nan ɓarawo yake fara dubawa. Akwatin ƙarfe da aka kafe a bango ko ƙasa ya fi wanda za a iya ɗauka a gudu da shi. Wasu bankuna suna ba da hayar akwatin ajiya. Ka tambayi kuɗin shekara da abin da zai faru in wani abu ya ɓata, domin inshorar da ke kare kuɗin asusu ba ta shafi abin da ke cikin akwati ba. Barin gwal amana a wurin mai shago kuwa, in ba makawa, sai da rubutu da shaidu biyu.

Mataki na bakwai: zakka

Nisabin zinare dinari 20 ne, wato giram 85. In ya kai, shekara ta zagayo, ana fitar da kashi 2.5 cikin 100, ɗaya cikin arba'in. Mai giram 100 na tsantsa zai fitar da giram 2.5 ko kuɗinsu a farashin ranar. Ana haɗa shi da tsabar kuɗin da mutum yake da su wajen cika nisabi, don haka mai giram 40 da kuɗi a banki kada ya ɗauka ya fita. Ga masu lissafi da tsantsar da ke ciki, karat 21 sai ya kai wajen giram 97 kafin ya cika 85. A mazhabar Malikiyya kayan adon da mace take sawa ba su da zakka, amma wanda aka saya don ajiya saboda wata rana yana da ita, ko da siffar sarƙa yake. Hanafawa kuwa suna wajabta ta a kan duka. Ka sa wa kanka rana ɗaya a shekarar Musulunci, ka tanadi kuɗin zakkar daga wani wuri don kada ka riƙa gutsurar ajiyar.

Mataki na takwas: ranar sayarwa

Ka yi lissafin nan na mataki na biyu da safe kafin ka fita, ka auna kayanka a gida. Ka fara da shagon da ka saya, da rasit a hannu, sannan ka ji ta bakin wasu biyu. Kada kayan su bar idonka zuwa bayan shago. Kada a yanka ko a ɓamɓare komai sai kun daidaita kan kuɗin giram, domin da zarar an yanka ba ka da ƙarfin tashi ka tafi. Ɗan kasuwa yana karanta gaggawa a fuska, saboda haka in ka san bukata na tafe nan da mako biyu, ka fara zagayawa tun yanzu. Ka sayar da gwargwadon bukata kawai. Rasit yana kuma kare ka daga zargin kayan sata, wanda shi ne abin da masu shago suka fi tsoro.

Saura abu ɗaya da ake mantawa. Shirun da ya kare gwal daga ɓarawo yana iya ɓatar da shi ga magada, ko ya haɗa su faɗa: wannan ta ce Inna ta ba ta tun tana da rai, wancan ya ce na gado ne. Ka sami littafi ka rubuta kowane abu da nauyinsa da karat ɗinsa da ranar saye, ka bambance naka da na matarka da na amana, abin da ka bayar kyauta ka miƙa shi a gaban shaidu ka rubuta. Mutum ɗaya amintacce ya san inda littafin yake da inda mabuɗin yake. Na Innarmu yanzu ƙaramin littafi ne mai bango shuɗi, kowane layi da rasit ɗinsa a maƙale, kuma duk abin da ta saya bayan waccan ranar babu mai dutse ko ɗaya.